Mun Tafi Da Yara Sha Ɗaya, Mun Dawo Da Goma

Tun da muka dawo daga Benin ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a wurin niƙa a tambaye ni, ranar Laraba kuma da na shiga ajinmu na yaƙi da jahilci sai da Malama Rabi ta buga tebur kafin ku bar ni in zauna. Wannan ta ce yaya abincinsu, waccan ta ce wai da gaske ne matansu na tuƙa babur. Tambayar da kuka fi son yi kuwa babu wadda ta yi ta, sai dai in ga kuna kallon bayana ko wata za ta shigo. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, in na fara sai muryata ta shige ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda Allah ya sa an koya mana. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Sai na ɗan koma baya saboda waɗanda ba su san gidanmu ba. Ina da ɗiyar fari. Ba na faɗin sunanta, kamar yadda uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin nawa ba. Ta-Gwaggo muke ce mata, ni kuma ana kirana Innar Sanusi, da sunan ƙanenta. Da aka yaye ta, yayar maigidana, Gwaggo Hajo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo da jirgin ruwa daga garinsu na hayin Benin ta goya ta ta tafi. Ban yi kuka gaban mutane ba, haka ake yi. Shekara goma sha biyu tana can, sai bara da Gwaggo ta rasu ubanta ya bi kogi ya ɗauko ta. Babu wanda ya tambaye shi takarda, kun san a kan ruwa ba a cika tare masunta ba.

Ta dawo doguwa, da Dandanci, yaren can, da Faransanci a bakinta, Hausarta kuwa guntu-guntu. Yaya take ce mini, haka Gwaggo ta koya mata tun tana ƙarama. Ba ta ƙin aiki, ba ta mayar da magana. Sai dai in ta gama wanke-wanke ta zagaya bayan ɗaki ta zauna ita kaɗai da tsofaffin littattafanta. Da aka kai ta makaranta a Bagudo aka ce ba ta jin Turanci, sai dai ta zauna da 'yan aji uku, yarinyar da a can take gab da shiga sakandare. Kwana huɗu ta yi ta daina zuwa.

Ana haka Malama Rabi ta buɗe ajin yamma a wani zaure saboda irin waɗannan yara, 'ya'yan masunta da suka tashi a hayi da 'ya'yan waɗanda rashin kwanciyar hankali ya koro. Su goma sha ɗaya ne, har da Ta-Gwaggo. Bayan wata bakwai ta ce Turancin zaure ya isa, za ta fita da su su ga gada da iyaka da kasuwa, su faɗi sunan kome da Turanci su rubuta. Tana da wani abokin aiki mai koyar da Turanci a wata makaranta a can, a garin Gwaggo ɗin ma, ya ce ta kawo su su yi magana gaban ɗalibansa. Ta samo takardar hakimi mai sunayen yaran da tambari. Saura uwaye biyu masu rakiya. Ige mai kifi, uwar tagwaye Hasana da Husaina, ta ce ko ba a gayyace ta ba za ta. Ni kuma Malama ta zo har gida. Maigida ya ce in tafi, dama ban je ta'aziyyar Gwaggo ba, lokacin ina jego.

Mun tashi ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa. Direbanmu Mamman Dogo ne, motarsa bas ce da ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da igiya. Tun a tasha ya gaya mana sharaɗinsa.

"Ni ba na kai la'asar a hanyar nan, zuwa ko dawowa. Wadda ta tsaya cinikin atamfa ta biyo ni a ƙasa."

Ige ta ce, "Kai da motarka ke tafiya kamar mai ciwon baya? Ko a ƙasa na biyo ka sai na riga ka."

Malama ma ta kafa tata doka: daga Bagudo har iyaka ba mai magana a cikin mota sai da Turanci. Sai motar ta yi tsit kamar gidan makoki. Yaran nan da suka cika mana kunne a tasha, kowa ya kama bakinsa. Muna hawa gadar Tuga Malama ta nuna ruwa ta tambaya, suka amsa baki ɗaya, ta nuna jirgi suka amsa, kowa ya duƙa yana rubutu a kan gwiwa, mota na tsalle biro na zamewa. Ige ta gaji ta ce, "Malama, mu fa? Ni in na yi shiru haka ciwon kai nake yi." Malama ta ce dokar ba ta hau kan uwaye ba. Daga nan har Ka'oje ba wanda ya ƙara jin Turancin kowa.

Ta-Gwaggo ce a gefen taga, ni kusa da ita. Duk ramin da motar ta faɗa sai kafaɗunmu su haɗu, sai kowa ya ja jikinsa. Na kawo mata ƙuliƙuli a gefen zane, amma ban iya miƙa mata ita kaɗai ba, sai na ba Husaina na ce ta raba wa kowa. Har ya ƙare bai zo kanta ba.

Bayan Ka'oje hanya ta lalace. Damina ta cinye ta, wani wurin sai mun sauka an tura. Shingaye kuma ba iyaka, na masu kaki da na 'yan banga, kowanne a leƙo a ƙirga kawuna. Mun wuce wata tunga da babu kowa cikinta, dawa ta nuna a gona ba mai yanka, ƙofofi a buɗe. Wani yaro cikin namu mai suna Bashiru ya manna fuska a gilashi ya ce irin garinsu ke nan. Malama ba ta ce ya faɗa da Turanci ba. Ba ta kuma tambayi sunan kome ba har muka yi nisa.

Kafin Illo taya ta fashe. Mamman Dogo ya buɗe baya ya ciro safaya, ita ma ba iska. Ya dafa kai. Sai da ya hau bayan wani mai babur ya kai ta wurin mai faci, mu kuma muka zauna gindin wata ƙirya muna jira. A nan Ige ta buɗe kular dambun da ta yo mana, ta tarar jarkar man Dogo ta tsiyaya a ciki. Ta ɗanɗana ta tofar.

"Wanga ko motarsa aka ba ta ci ta tashi."

Yara suka yi dariya, sai dai da yunwa muka ƙarasa.

Shiga Benin bai ba mu wuya ba. Wani dattijo mai kaki ya karɓi takardar hakimi, ya juya ta, ya ƙirga yaran da bakin biro, ya ɗaga sanda. Ni da nake zaton iyaka wata katanga ce, ashe gora ce a kan ganguna biyu. Ƙasar iri ɗaya, dawar iri ɗaya, shanun ma na Fulaninmu ne. Allunan bakin hanya kawai suka canza. Abin da na lura shi ne, muna tsallakawa yaran suka miƙe zaune. Suka fara karanta allunan da ƙarfi suna rige-rige, su da a gida ake ce musu ba su san kome ba. Har Ta-Gwaggo na ji muryarta.

To ga amsarku: da gaske ne, mata na tuƙa babur. Na ga wata da goyo a baya, buhun gawayi a gaba, ta wuce mu tana danna ham, ba wanda ya ko waiwaya. Ige ta ce in ta koma sai ta saya. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, bayansa tauri, in ka gatsa sai ya kankare maka dasashi, amma cikinsa laushi. Da safe suna tsoma shi cikin kofi mai madara, manya da yara, ba ruwansu da koko. Akwai cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagashi, a soya a jefa a miya kamar nama. Wannan na so shi. Tuwonsu na masara mai tsami ne, a ƙunshe cikin ganye, da sanyinsa ake ci. Ige ta ce a gidanta in tuwo ya yi haka kaji take ba. Ta ci uku. 'Yan makarantarsu duk kaki suke sawa, kuma da rana tsaka sai a tashe su kowa ya tafi gida, a dawo bayan azahar. Gaisuwa kuwa irin tamu ce, doguwa, har da durƙuso.

An sauki yara maza a wani aji na makarantar, mu mata aka ce gidan marigayiya Gwaggo za mu kwana. Mijinta Baba Sanda tsohon masunci ne, idonsa ya fara hazo, ƙanwarsa ke dafa masa abinci. Muna shiga lungun, Ta-Gwaggo ta bar mu ta ruga. Kafin mu kai ƙofa mata sun fito daga ko'ina suna kiran sunanta na yanka, suna juya ta suna duba tsawonta. Tana ta zuba Dandanci tana dariya har da riƙe ciki. Shekara guda tana gidana, ban san haka dariyarta take ba. Ban san tana da wushirya ta ƙasa ba sai ranar.

Na durƙusa na yi wa Baba Sanda ta'aziyya. Ya amsa, ya lalubo kan yarinyar da hannu.

"Kun riƙe ta da kyau. Ga ɗiyarku ta yi girma."

Na ce, "Taku ce, Baba."

"A'a, taku ce."

"Taku ce har abada, mu ajiya aka ba mu."

Ya ji daɗi, ya sa mini albarka. Kun san haka ake faɗa, ba a cewa mai riƙo na karɓi abina. Yarinyar na tsaye tana jin mu, ban kawo kome a raina ba.

Ɗakin Gwaggo aka buɗe mana. Kome na nan yadda ta bar shi, jeren kwanoninta, gidan sauronta, carbinta a ƙusa. A jikin bango akwai zane-zanen gawayi tun daga ƙasa har kusan kafaɗata, inda take auna tsawon yarinyar duk shekara. Na tsaya na ƙirga su. Duk waɗannan shekaru ne da ban gani ba. Kafin magariba Ta-Gwaggo ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin ba wanda ya sa ta, ta san inda kome yake. Ta kawo mini ruwa a kofin Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Yaya, ga ruwa." Kamar ni ce baƙuwa, kuma ni ce ɗin.

Washegari da safe aka taru a makaranta ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Ɗalibansu sun fi ɗari, ga malamai, ga iyaye, aka ba mu benci a gaba. Yaranmu suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kowa da littafinsa. Malama ta ce mana kowa zai faɗi sunansa da garinsa da mutanen gidansu. Bashiru ya fara ya manta, aka tafa masa haka nan. Tagwaye suka yi tare, Ige ta miƙe ta rangaɗa guɗa tun ba su gama ba.

"Nawa ne! Ni na haife su, ranar kasuwa ma!"

Ta-Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta fito ba ta buɗe littafin ba. Ta fara, Turanci na fita kamar ba ita ce mai zama bayan ɗaki ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Can sai ta juyo, ta miƙo hannu gaba ɗaya ta nuna ni, ta faɗi wani abu a hankali. Duk taron ya waiwayo, aka ɗauki tafi. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ɗiyar fari ta nuna ka a gaban jama'a, ga surukai a zaune. Na ja hijabi na rufe fuska, na tashi na zagaya bayan aji kamar mai neman wurin alwala. Da na dawo ta riga ta zauna, kanta a ƙasa.

Malama ta taro ni idonta da hawaye. "Innar Sanusi, kin ko san abin da ta ce?"

Na zaci yabonta za ta yi a gabana. Na ce, "Bari, Malama. Duk yaran sun yi ƙoƙari."

Ba mu ga kasuwar da aka yi wa yara alkawari ba, Dogo ya ce rana ta yi. Baba Sanda ya ce sai ya raka mu har iyaka, aka ɗora shi bayan babur ya biyo mu.

A shingen fita ba dattijon jiya muka tarar ba. Mace ce, da wando da hula, ba za ta wuce sa'ata ba. Hausarta ba laifi. Ta ce kowa ya sauko. Ta yi mana bayani ba da faɗa ba: ana yawan kwashe yara daga ƙauyukansu a kai su aikatau birane, wasu ba a ƙara jin labarinsu, don haka yaron da zai fita sai ta san mai shi. Malama ta miƙa takardar hakimi da takardun yaran. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan tagwaye, tun ba ta tambaya ba Ige ta ce, "Nawa ne, ki dubi goshin." Matar ta yi murmushi ta wuce.

Takardar haihuwar Ta-Gwaggo ta Benin ce. Gwaggo ce ta yi mata ita lokacin sa ta makaranta, kuma sunanta ta sa a wurin uwa, na Baba Sanda a wurin uba. Ban taɓa sanin haka ba sai a wurin.

Matar ta ce, "Wannan ɗiyar nan ƙasar ce. Wa ke fita da ita?"

Malama ta ce, "Ga uwarta nan."

Ta dube ni. "Ke kika haife ta?"

Baba Sanda na tsaye a damana, hularsa a hannu. Ga Dogo, ga masu sayar da mai a kwalba, ga 'yan babur duk sun zuba ido. Wallahi ban yi tunani ba. Bakina ne ya faɗi abin da ya saba.

"Tasu ce."

Ige ta mintsine ni a cinya. Matar ta ce, "Ta su wa?" Na nuna Baba Sanda da haɓa.

"To mi ne sunanta?"

Sunan na nan a kan harshena. Ni na ji shi da kunnena ranar suna daga bayan labule. Na buɗe baki ya ƙi fita. Na ce, "Malama ta sani."

"Dije!" in ji Ige, ta kira ni da sunana. "Ke wace irin mace ce? Nan ba gidan biki ba ne, buɗe baki ki yi magana!"

Matar ta ɗaga mata hannu, ta juya wurin tsohon. "Baba, ɗiyarka ce?"

Shi ma ya yi abin da ya dace da shi. Ya ce, "Tasu ce, riƙo muka yi."

"Ita ta ce taku, kai ka ce tasu, takarda ta ce taku." Ta kira yarinyar gabanta, ta nuna ni. "Mi kike ce wa wagga?"

"Yaya."

Sai ta koma Faransanci, ta yi mata tambaya guda. Ta-Gwaggo ta juyo ta dube ni. Na ji idonta a kaina, ta daɗe, jira take. Ni kuma ina kallon yatsun ƙafata. Sannan na ji ta ce, "Hajo." Wannan ba ya bukatar tafinta, sunan uwarta aka tambaye ta.

A lokacin ne maganar ta fito. Na ce, "Ni ce. Ni na haife ta." A hankali ta fito, irin muryar nan tawa.

Matar ta ce, "Yanzu da aka mintsine ki?" Ba ta daka mini tsawa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Malama ta yi bayani da Hausa ta yi da Turanci, Ige ta yi da Dandanci tana rantsuwa, ta ce duk ƙasarmu haka ake yi da ɗan fari. Matar ta ce ta san al'adar, ita ma 'yar fari ce. Amma ta ce masu kwasar yara ma haka suke cewa, kuma ita ba ta da ikon sakin yarinyar da takarda ta ba wani, wadda ake cewa uwarta ta ce ba tata ba, yarinyar ma ta ce haka. A zo da uban, da takardar hakimi a kan ita kaɗai, da shaidu biyu. Kafin nan ta zauna gidan wanda sunansa ke takarda.

Dogo na ta kallon rana yana kaɗa makulli. Akwai yara goma na mutane a hannunmu, ga hanyar da na gaya muku. Na ce zan zauna, Malama ta tuna mini na bar mai shan nono a gida kwana biyu ke nan. Ta-Gwaggo ta shiga mota ta ɗauko ƙullin kayanta. Littafinta ta miƙa wa Malama. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Yaya, ku sauka lafiya." Ta hau babur tsakanin mai tuƙi da Baba Sanda. Ba ta waiwayo ba.

A dawowa ba a sa dokar Turanci ba, amma ba mai magana. Wurin taga babu kowa, ba wanda ya matsa. A kowane shinge in an ƙirga kawuna a dubi takarda sai a ce saura ɗaya, sai Malama ta sake bayani. Sau biyar na ji labarina a bakin wata. Ige da ba ta iya shiru, tun daga iyaka har Ka'oje abu ɗaya ta faɗa: "Kunyar nan taki, Dije." Ba ta ƙarasa ba. Ta kamo hannuna ta riƙe.

Muna kan gadar Tuga Malama ta dawo kusa da ni da littafin. Ta ce ko na so ko ban so ba sai na ji. Ta buɗe shafin da yarinyar ta haddace, ta riƙa sa yatsa tana fassarawa. Sunanta, shekarunta, cewa ta tashi a nan garin wurin Gwaggonta, Allah ya ji ƙanta. Cewa yanzu tana Bagudo, ubanta masunci ne, tana da ƙanne uku. Sai layin ƙarshe, wanda ta nuna ni a kansa.

"Waccan ita ce uwata. Ba ta da yawan magana. Ta biyo ni har nan don ta ji ni."

Malama ta ce mako uku tana gyara layin nan. Ta ce ta taɓa tambayarta don me ba za ta faɗa mini a gida ba, sai ta ce da Hausa ba ya faɗuwa.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "To ai da mi za ki ce gaban Baba Sanda?" Wannan ya fi faɗan ciwo. Kwana tara aka yi kafin takarda ta samu. Ya tafi da shaidu biyu, matar nan ta duba ta ce ba matsala, ya je ya ɗauko ɗiyarsa. Yarinyar ce ta ce a bar ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta ce Baba Sanda ba ya gani sosai, yana bukatar mai ba shi ruwa, kuma makarantarsu ta karɓe ta a ajinta na da. Ubanta ya ce umarni yake ba ta. Ta ce in ya ce ta taho za ta taho, amma ai an tambaya a gaban mutane, an ce ita ta nan ce. Ya dawo shi kaɗai.

Na roƙi Malama ta koya mini layi ɗaya da Turanci, amsar na yarinyar. Kwana shida ina kwaikwaya a bayan littafina kafin hannuna ya faɗa. Na rubuta shi a littafinta a ƙarƙashin nata, na ba Ige da za ta kai kifin banda kasuwarsu. Ige ta ce yarinyar ta karɓa, ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta rufe ta sa cikin jakar makaranta. Ta tambaya ko tarin Sanusi ya yi sauƙi. Na ce sai me kuma? Ige ta ce shi ke nan.

Yau wata biyu ke nan. Ajin yamma na nan, su goma, Malama ba ta ɗauke tabarmar Ta-Gwaggo ba. Wasunku sun ce ban yi laifi ba, kowace 'yar mutunci abin da za ta faɗa ke nan. Wasu sun ce in bar ta, yaro ne, za ta huce. Na gode. Ni dai abin da na sani, sau biyu ta jira ni, ƙarƙashin mangwaro da bakin shinge, duka biyun ƙasa nake kallo.

Malama ta ce ranar Laraba ita za ta karanta muku wannan. Na ce a'a, ta karanta har nan, sauran ni zan tashi in karanta da bakina, ko muryata ta fita ko ba ta fita ba. Wadda ke bayan aji in ba ta ji ba ta ce in sake.

Sunanta Nafisa. Ni na haife ta, ranar wata Talata, ruwa ya cika kogi. Ɗiyata ce.